Shekarar da Aka Sayar da Jan Sa

Ranar sunan jikana na wajen Rabi, ina zaune a zaure na ji ɗayanku yana ba abokansa labarin yadda gidanmu ya shiga noman albasa. Ya ce ni na kawo injin ban ruwa, Bappanku Bello kuwa, wato wana, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana, don shi mutum ne mai ƙin ci gaba. Ban tanka ba saboda akwai baƙi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin wanda ake faɗa yana ƙasa, ba shi da bakin kare kansa, kuma cikin manyan da suka ga abin da idonsu saura ni da uwarku Hajo. To ga yadda aka yi.

A lokacin ba a daɗe da yanke mu daga Sakkwato an ce mu 'yan Kebbi ne ba. Mu a Jiga Birni ba mu ga abin da ya sake ba, sai dai sunan da muke ji a rediyo. Gidanmu gandu ne, gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Kakanku Malam Sambo, wanda muke kira Baba, gwiwa ta riga ta hana shi zuwa gona, saboda haka noman yana hannun Yaya Bello, ni ina bin bayansa. Gero da dawa da wake muke yi a tudu. Muna da wani yanki na fadama a bayan gari, mai faɗi, amma ɗan lungu kawai muke taɓawa, domin da jigo ake ba shi ruwa. Ku ba ku san jigo ba: doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya kan, mutum ya wuni yana sunkuyawa yana ɗagowa, kafin ya shayar da fangali na ƙarshe, na farko ya bushe. Dukiyar gidan gaba ɗaya shanun huɗa ne guda biyu, fari da ja. Yaya Bello ne ya rene su tun suna maruƙa, shi ya koya musu garma. Ba ya karya kumallo sai ya zuba musu harawa, kuma in ya yi gyaran murya daga ƙofar gida, jan yakan ɗaga kai ya amsa.

Ni kuwa da an kai amfanin gona gida sai in ɗaure 'yan tsummokarana in hau motar Kurmi. Ci-rani nake zuwa Ibadan, ina dako a kasuwa, sai an ga hadari ya fara haɗuwa in dawo da ɗan abin da zan sayi sutura da gishiri. Haka samarin garinmu ke yi, ba wanda ke ganin abin a matsayin wahala. Sai shekarar da na dawo na shiga gida da 'yar riga da na sayo wa Ali, wanku da ba ku sani ba, wanda ke bin Rabi. Na tarar da Inna, mahaifiyarmu, zaune a ƙofar ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ƙyanda ta ɗauke shi tun tsakiyar rani. An aika mini da saƙo, mai saƙon bai same ni ba. Aka kai ni aka nuna mini wurin, har ƙasar ta kwanta.

Hajo ba ta ce mini kome ba duk daminar nan, sai da gero ya fara nuna. Ran nan ta kawo mini ruwan alwala, ta tsuguna, ta ce:

“Malam, in za ka sake tahiya bana, ka maida ni Andarai wurin iyayena tukuna. Ba hushi nika yi ba. Ba ni iya sake zaman ɗakin ga ni ɗai da rani.”

Zama a gida da rani ba aiki, ai yunwa ce ake gayyata.

Ana cikin yankan gero sai ga malamin gona bisa babur, aka tara mu a ƙofar mai gari. Ya ce sabuwar gwamnati na son a yi noman rani. Duk mai fadama, za a kafa masa bututu cikin ƙasa a ba shi injin jan ruwa, gwamnati ta ɗauki kaso mafi yawa na kuɗin, manomi ya cika sauran. Ya ce takin zamani ma zai zo a rabin farashi da zarar an yi dashe. Dattawa suka yi murmushi, don sun sha jin irin wannan. Ni kuwa da taro ya watse na bi shi har gindin babur ina yi masa tambayoyi, har ya gaji ya ce in kai shi wurin mai gidanmu. Baba ya karɓe shi a zaure, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce:

“Yaro, abu guda nika tambaya. Akwai ruwa bisa kuɗin ga?”

“Babu, Baba,” in ji malamin gona. “Ba bashi ba ne. Gwamnati ta biya nata, ku biya naku, inji ya zama naku.”

“To,” Baba ya ce, “in ruwan duk a ƙasa shike, da sauƙi.”

Da baƙo ya tafi aka zo ga inda za a samo namu kason. Hatsin rumbu ba a taɓa shi. Awakin mata ba su kai ba. Kowa a zauren nan ya san abin da ya rage, amma ni na buɗe baki na faɗa. Na ce a sayar da sa ɗaya. Yaya Bello ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

“Sa guda ba ya huɗa, Manu,” ya ce. “In ka sayar da ja, ka kashe farin ma. Da mi za mu yi noman baɗi? Da hannu? Dubi bakunan da ke ci daga rumbun ga. Kuma gwamnatin da kaka faɗi, jiya anka haihe ta, wa ya san halinta? Ta ce taki na zuwa. In bai zo ba, wa za ka kama?”

Ku lura da kyau, domin nan ne labarinku ya karkace. Bai ce inji mugun abu ne ba. Bai ce kada a ci gaba ba. Cewa ya yi kada a ɗauki abincin da ke hannu a jingina shi da alkawarin mutumin da ba a sani ba, kuma da ni ne ke riƙe da gandu, wataƙila abin da zan faɗa ke nan. Na ce masa fadamar nan in ta sha ruwa za ta ciyar da mu fiye da Ibadan. Ya ce ban taɓa noma albasar da ta wuce ta miya ba. Muryoyinmu suka ɗaga har Inna ta leƙo daga cikin gida. Ita ba ta faɗin sunan Yaya Bello, don ɗan fari ne, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Bango ta duba ta ce:

“Ni ban san sha'anin shanu ba. Na dai san wanga ya tahi neman abinci, ya dawo ya iske kabari.”

Ta koma ciki. Baba ya ce a ba shi lokaci ya nemi zaɓin Allah. Bayan 'yan kwanaki, an idar da sallar la'asar, ya kira mu mu biyu.

“A kai ja Jega,” ya ce. “In Allah ya sa albasa ta yi, sa za a fara saye kahin riga ko hula. In ba ta yi ba, ni na yanke, ba Manu ba. Mai neman wanda za shi kama, ga ni.”

Yaya Bello ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Baba.” Ranar kasuwa na tashi zan kwance san, ya karɓe igiyar daga hannuna, ya ce san ba zai bi ni ba, kuma dillalan Jega za su cuce ni. Shi ya ja shi da ƙafa, ni ina biye. Duk tsawon hanyar nan ina jin yana yi wa san magana ƙasa-ƙasa. A kasuwa ya tsaya ya yi ciniki kamar zai yi faɗa, har ya sami abin da ni ba zan samu ba. Da aka sallama ya kwance igiyarsa daga wuyan san ya naɗe a hannu, ya juya bai waiwaya ba. A gida ya miƙa wa Baba kuɗin, ba ni ba. Daga ranar ya daina cin tuwo a akushi ɗaya da ni. Yakan ɗauki nasa ya koma bakin turke, inda farin san ke ta kuka yana juyawa yana neman ɗan'uwansa. Gaisuwa dai bai taɓa hana ni ba, amma iyakarta ke nan.

Inji ya zo, ba a yi mana ƙarya a kansa ba. Na je Aliero na ɗauko shi a kan jaki, sabo fil, yana warin mai. Masu kafa bututu suka zo suka wuni suna aiki, malamin gona ya ja igiya, inji ya yi tari ya kama, sai ga ruwa yana fita daga mesa kamar kaurin cinyar mutum. Yara suka faɗa ciki da rigunansu. Abin da jigo ke shayarwa a wuni, kafin in gama gyara bakin lambatu ya cika. Na riga na yafa iri a ɗan lungun da muke nomawa, ya tashi da kyau, saboda haka sanyi na shigowa muka yi dashe, fangali bayan fangali, har na rufe rabin fadamar. Hajo ta sayar da awakinta don mai. Motar Kurmi ta cika da abokaina ta tashi, ni ina tsaye cikin laka har idon sawu, na ɗaga musu hannu.

Taki ne bai zo ba. Na je ma'ajiyar da ke Aliero aka ce mota tana hanya. Na koma aka ce an fara kai na Maiyama. Na ari keke na tafi Maiyama, can ma na tarar da manoma zaune a gindin bango suna jira, wai sun ji an ce na Jega aka fara saukewa. Malamin gona kansa ya fara jin kunyar haɗa ido da ni, ya ce wallahi shi ma abin da aka gaya masa ke nan. A kasuwa akwai taki a hannun 'yan kasuwa, amma farashinsa ba na irina ba ne, kuma ba sauran abin sayarwa a ɗakina. Ƙasar fadamar nan kuwa ta daɗe ba ta ga taki ba, wajen gabas ma yashi ne. Albasa ta kama, ta ɗan tashi, sai ta tsaya. Lawashin da ya kamata ya yi kore shar ya fara yin ruwan ɗorawa daga baki, siriri kamar tsinke. Ruwa na ba ta safe da yamma, amma ruwa kaɗai ba ya ƙosar da shuka. In na bi ta bakin masallaci sai in ji ana cewa, “Sannu mai inji.” A gida Baba ba ya tambayata, ni kuma ba na iya duban wajen turke. Har na fara tunanin in bar gonar in bi motar Kurmi, ko na samo abin da za a rage hasara. Na faɗa wa Hajo. Ba ta ce a'a ba. Ta dai tashi ta fara ninke kayanta cikin kwalla.

Washegari da hantsi na tafi fadama, da nufin in ba ta ruwa in ƙara dubawa kafin in yanke. Tun daga nesa na hango jakuna a bakin gonar, kowanne da mangala. Na ƙarasa na tarar da Yaya Bello ya tuɓe riga yana sauke kaya. Taki ne na gida, baƙi, ya ruɓe ya yi laushi. Na gane shi. Tsibin da ke bayan gidanmu ne, kashin shanu da na awaki da toka, wanda ya shekara yana tarawa kwando-kwando don gonar gero. Jakunan kuwa ya bi gida-gida ya aro su.

“Yaya,” na ce, “wanga ai takin gero ne.”

“Na sani. Ni na tara shi.”

“To damina fa?”

“Damina ba ta zo ba tukuna. Wagga ita ka mutuwa yau.” Ya tura mini kwando da ƙafa. “An sayar mani da sa saboda albasag ga. Ba ni tsayawa in ga san ya tahi a banza. Ɗauka, kuma kada ka tula shi ga gindi, barbaɗa shi tsakani, sannan ka saki ruwa kaɗan-kaɗan.”

Na sunkuya na ɗauki kwandon, don kada ya ga idona. Muka wuni muna barbaɗawa. Da tsibin gida ya ƙare bai isa ba, ya kwashi harawar da ya tanadar wa jan sa, wadda yanzu ba mai ci, ya kai rugar Fulani wajen Birnin Malam ya musanyo da wani takin. Bai koma cin tuwo da ni ba a lokacin, kuma bai taɓa injin ba, ko kusa da shi ba ya tsayawa. Amma kullum da safe yana fadama kafin ni, yana cire ciyawa, yana yi mini faɗa a kan na cika ruwa. Hajo ta mayar da kayanta inda suke.

A hankali lawashi ya juyo. Sabon ganye ya fito daga tsakiya, kore, mai kauri, ƙasa ta fara tsagewa a gindi. Wajen yashin nan bai yi abin kirki ba, mun makara a kansa. Sauran kuwa ya yi. Da aka fara cira muka ɗora Baba a kan jaki muka kai shi. Ya sa aka sauke shi, ya zauna a bakin fangali, ya ɗauki albasa ɗaya ja, ya juya ta a tafin hannunsa, ya daɗe yana duban fadamar da ya sani tun yana yaro a bushe da rani. Abin da ya ce kawai, “Alhamdu lillahi,” sannan ya ce a fara fitar da ta maƙwabta kafin a kai kasuwa. Matan gida suka kwashi lawashi suka daka suka yi gabu, gidan ya yi kwanaki yana warinsa. Muka kai buhuna kasuwar Aliero, Yaya Bello ya yi cinikin, na tsaya ina kallo ana loda albasarmu a irin motocin da nake hawa zuwa Kurmi.

Kada ku ɗauka daga nan kome ya yi daɗi. An sayi sa kamar yadda Baba ya ce, amma ɗan ƙarami ne wanda bai san garma ba, ya ƙi tafiya da farin, sai ya ja gefe ya kwanta a kunya. Daminar nan rabin gonar tudu da hannu muka huɗe ta, kuma ciwon bayan da Bappanku ya yi ta fama da shi har ƙarshen ransa, a nan ya samo shi. Takin gwamnati ya iso daga baya, ruwan farko ya riga ya sauka, albasa ta daɗe da shiga miyar mutanen Ibadan. A rabin farashin da aka faɗa aka ba mu, ba a ƙara ba. Na ɗauko shi na ajiye a gaban Yaya Bello, aka zuba shi duka a gonar gero, a madadin wanda ya kwashe. Geron bai kai na shekarun baya ba, amma da abin da albasa ta kawo muka cike, ba wanda ya kwana da yunwa a gidan. Ni ba na zagin gwamnatin wancan lokaci. Ba don kasonta ba, da ba mu ga inji ba ko mun sayar da shanun duka biyu. Ta cika alkawari, sai dai ta cika shi a lokacinta, shuka kuwa tana da nata lokacin. Tun daga shekarar ban sake yin dashe ba sai na ga taki a ɗakina da idona, na gwamnati ko na turke, kuma ban sake hawa motar ci-rani ba. Dukanku da kuka biyo baya, a gabana aka yi muku huɗuba.

Da kaka ta zagayo, ina fadama ina gyaran wurin yafa iri, sai ga Yaya Bello da fartanya a kafaɗa, babban ɗansa na biye, wanda a shekarar ya isa bin motar Kurmi. Ya wuce ni ya nufi ɓangaren da ba mu taɓa ba, ya zagaya shi, ya tona ƙasa ya murza a hannu. Sannan ya dawo ya tsaya a kan injin, ya daɗe yana dubansa.

“Daga nan zuwa gindin giginya, ni da yaron ga za mu yi,” ya ce. “Gwada mani inda aka ja.”

Na nuna masa igiyar. Ya ja, inji ya yi tari ya mutu. Ya sake ja da fushi, ya kama, ruwa ya yi tsalle daga mesa ya jiƙa masa wando har gwiwa. Ɗansa ya fashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa. Ya dube mu, gefen bakinsa na motsi, ya ɗaga murya saboda ƙarar injin.

“Manu! Kada ka kuskura ka gaya ma kowa na yarda da gwamnati.”

Ban gaya wa kowa ba har Allah ya karɓi ransa, kuma yanzu ma ban ce ya yarda ba. Ran nan da aka kawo tuwo ya jawo akushina gabansa, ya wanke hannu, ya ce in matso.